Ɗiyata tana jin Ingilishi, amma takardar jarrabawa na kayar da ita: ina matsalar take?

Mai Kayan Babur, Sabon Gari, Maraɗi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga malamai da duk wanda ya yi nisa a lakol.

Ɗiyata ta fari tana ajin turwaziyem, ajin ƙarshe na kwaleji, bana za ta zauna BEPC, jarrabawar kammala kwaleji a nan Nijar, in Allah ya kai mu. Faransanci da lissafi ba laifi, takan wuce 12 bisa 20. Ingilishi ne ya tsaya mata a maƙoshi: yau 6, gobe 7, in an yi sa'a 8. Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar ba baƙuwar harshen ba ce. Ni kayan babur nake saidawa, mafi yawa daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma cikin masu turo mini akwai Inyamurai da ba su jin Faransanci ko na gaisuwa. In ta zo shago ranar Asabar, ita ke karanta mini saƙon WhatsApp da rubutun jikin kwali, ta faɗa mini abin da aka ce, kuma sai in tarar haka ne. Amma a miƙa mata takarda mai ɗan labari a sama da tambayoyi a ƙasa, sai ta dawo gida da jan bik ko'ina.

Na karɓi takardar debuwar ɗinta ta ƙarshe, wato gwajin aji, na duba. Labarin wani yaro ne da ya raka kakarsa kasuwa saida awaki. Na ce ta ba ni shi da Hausa, ta ba ni tun daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu. To a ƙasa an rubuta "True or false? Justify your answer". Ta rubuta "true" ta wuce, aka ba ta rabin maki. Wani wurin "What does 'them' refer to in line 4?", ta bar shi fili. Inda aka ce "Put the verbs in the correct tense" kuwa, ko ɗigo ba ta samu ba.

Ni Ingilishina na ciniki ne, na "how much" da "last price", lakol kuma a CM2, ajin ƙarshe na firamare, na aje. Don Allah wani ya warware mini waɗannan kalmomi da Hausa, yadda ni kaina zan gane in zauna da ita bayan isha'i. Sannan ku ba ni shawara: in ɗauko mata mai koya mata a gida, wanda na yi wa magana ya ce jikka biyar a wata, ko akwai abin da za mu iya da kanmu?

Mushen Ingilishi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa ɗiya albarka. Abin da ka kwatanta shi nake gani a aji kowace shekara, kuma yaranmu na Maraɗi sun fi faɗawa cikinsa, don kunnensu ya saba da Ingilishin kasuwa da na waya, sai iyaye su zaci an gama. Takardar jarrabawa tana auna abu biyu: ko yaro ya gane labarin, da ko ya gane abin da aka umurce shi ya yi. Ɗiyarka ta ci na farko, na biyun ne ke zubar mata da maki.

Ɗauko takardar mu bi ta tare. "True" gaskiya ne, "false" ba haka ba ne, wannan ta sani. "Justify" kawo hujja. Bayan ta ce gaskiya ne, ta koma cikin labarin ta kwafo jimlar da ta tabbatar da hakan, yadda take, har da lambar layi in da hali. Ba ra'ayinta ake nema ba, ba a kuma ce ta ƙago Ingilishi daga kanta ba. Babu maki mai arha irin wannan a duk takardar, kuma shi yara suka fi barin wa malami.

"Them" wakilin suna ne, irin shi, ita, su a Hausa. "Refer to" tambaya ce: su wa ake nufi? Ka gwada ta haka: "Kaka ta kawo awaki, yaro ya ɗaure su." Su wa aka ɗaure? Ba za ta taɓa ce maka kaka ba. To haka za ta yi a Ingilishi. Ta ɗora yatsa kan kalmar, ta ja baya har ta iske sunan da ya dace, jam'i in "they" ko "them" ne, namiji in "he" ko "him", mace in "she" ko "her", abu ko dabba in "it".

Sunayen nahawu ba za su ba ta wuya ba, don tun firamare take jin su da Faransanci. Kai ne zan faɗa wa. "Noun" suna, kamar taya, Maraɗi, haƙuri. "Verb" aikatau, kalmar aiki: saya, tafi, gyara. "Adjective" sifa: sabo, babba, ja. "Adverb" bayanau, mai faɗin yadda aka yi aiki ko yaushe ko ina, kamar sannu-sannu, jiya, can. "Subject" mai aikin, "object" wanda aikin ya faɗa wa. Shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne "tense", wato lokaci. Ka lura da Hausarmu: ya gyara babur, yana gyara babur, zai gyara babur, yakan gyara babur. Lokaci huɗu ke nan, amma "gyara" ba ta motsa ba. Ɗan guntun da ke gabanta shi ke ɗauke da lokacin: ya, yana, zai, yakan. Ingilishi ya juya abin. "He" na nan daram, aikatau ne ke sakewa: "he repaired", "he is repairing", "he will repair", "he repairs". Yaron da ke tunani da Hausa, da ya rubuta "he" sai zuciyarsa ta ce masa lokaci ya riga ya shiga, sai ya aje aikatau tsirara. Daga nan "yesterday he repair" ke fitowa. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, tsarin harshen uwa ne ke aiki a ƙasa, kuma da zarar an nuna wa yaro wannan ƙiri-ƙiri, rabin ciwon ya warke. Abin takaici a aji ba mu cika yin haka ba, muna bayanin Ingilishi da Faransanci ga yaran da Hausa ce a kansu.

Ta yaya za ta san lokacin da ake so? Kusan kullum mai tsara tambaya yakan bar alama a jimlar. In ta ga "yesterday", "last week", "ago", abin ya wuce, sai ta liƙa wa aikatau "ed". In ta ga "every day", "always", "usually", wannan "yakan" ne, kuma nan ne ƙaramin "s" ɗin nan ke zuwa bayan "he", "she", "it": "she sells", ba "she sell" ba. In ta ga "now" ko "at the moment", "yana" ne: "is" ko "are" sannan "ing". "Tomorrow" da "next year" na "will" ne. Ka sa ta ja layi ƙarƙashin alamar kafin ta taɓa aikatau.

Sai kangararrun aikatau, waɗanda ba su karɓar "ed". Ana ƙirga kusan 200 a harshen, amma masu yawo a takardun kwaleji ba su kai haka ba, kuma akasari kalmomin shagonka ne: "buy" ya koma "bought", "sell" "sold", "pay" "paid", "bring" "brought", "go" "went", "take" "took". Waɗannan ba dabara, hadda ce, kamar yadda ta haddace jam'in Hausa ba tare da an ba ta doka ba. Biyar-biyar ya isa, amma cikin jimla, ba a jere kamar karatun aku ba.

Abu na ƙarshe, korewa da tambaya. A nan Ingilishi ya dawo hanyar Hausa. "He bought" ya saya. Bai saya ba: "he did not buy". Ka ga "did" ya ɗauke lokacin, aikatau ya koma yadda yake, daidai da guntun nan namu. Yara sukan rubuta "did not bought", sun ɗora lokaci sau biyu. Haka "Did he buy?" da "Does she sell?", "s" ɗin ya koma kan "does".

Maganar mai koyarwa a gida: in zai zo da tsofaffin takardun BEPC su riƙa yi tare yana nuna mata inda ta kauce, ka biya. In zai zo ya karanto mata dokoki ta cika kaye, ka riƙe jikkunanka, kayenta ya riga ya cika da su.

Uwargida daga Katsina, Zariya ta Maraɗi:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma da izininka Malam, ni ina ganin an ɗora wa Alhaji nahawu da yawa. Ni a Katsina na yi karatu har sakandare kafin aure ya kawo ni nan, kuma ina da yara a lakol ɗin nan, saboda haka na ga gida biyu. Can yaro da Ingilishi yake karanta lissafi da kimiyya da komai, ko bai iya doka ba idonsa ya saba da yadda jimla take tafiya. Nan sai a siziyem, ajin farko na kwaleji, ake fara shi, ƴan awoyi a mako, in an tashi aji an rufe shi sai wani jiƙon. Yarinyar da ba ta karanta Ingilishi mai tsawo ba sai ranar debuwar, ko ta haddace dokokin duniya za ta firgita.

Abin da nake yi da nawa, kuma ba ya cin ko dala: kafin su karanta labari, su fara karanta tambayoyin. Sai su shiga labarin sun san abin da suke nema. Karatun farko a guje, don a san wa da wa ke ciki, ina, me ya faru. Na biyu a hankali da fensir. Kuma na hana su tsayawa kan kowace baƙuwar kalma. Mai yin haka kamar wadda aka aika babbar kasuwa ce ta tsaya gaida duk wanda ta gamu da shi, magariba za ta yi ba ta sayo komai ba. A wuce, jimlar gaba takan fallasa ma'anar.

Baban yarinya, kalmomin tambaya su ne zan ce ka fara da su yau ɗin nan, don su ke gaya mata irin amsar da ake so. "Who" wa, amsa mutum. "Where" ina, amsa wuri. "When" yaushe. "What" me. "Why" don me, kuma amsarta ta ɗauko "because". "How" yaya. Waɗannan kowa ya sani, masu ruɗa yara su ne "whose", na wa, da "which", wanne daga ciki. Na sha ganin an tambayi "Whose goats are they?" yaro ya amsa da inda awakin suke. "How many" da "how much" duka nawa ne a wurinmu, na farko na abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya kamar awaki, na biyu na kuɗi da ruwa da gari.

In ta ga "according to the text", ta aje abin da ta sani a duniya, ta faɗi abin da marubucin ya ce, ko da ƙarya ce a ganinta. In aka ce "give a title" ko "main idea", ba a son ta kwashe jimlar farko. Ta tambayi kanta: in ƙawata ta ce labarin me ne, da kalma huɗu me zan ce mata? A ajin Hausa can gida wannan darasi auna fahimta muke ce masa, kuma irin tambayoyin ne sak.

Sai gargaɗi ɗaya, kada ka ji haushi Alhaji. Saƙonnin nan da take karanta maka, da yawansu broka ne. "I dey come", "e don finish", "I go send am". Harshe ne mai zaman kansa, yana biyan buƙata a Sabon Garin Kano, amma mai gyaran takarda ba ya ba shi maki. Kuma yana da haɗari, don "I go send" a broka zan aika ne, alhali a Ingilishin makaranta "I will send" ake so. Ta san riga biyu ce, kowace da inda ake sa ta.

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:

Baba, ina gaisuwa. Mushe da Mama sun gama magana, ni abu ɗaya zan ƙara wanda ban ga an taɓo ba: Faransanci. Ƙanwata takan wuce 12 a Faransanci ka ce, to shi ne abokinta kuma shi ne mai yi mata zagon ƙasa.

Abokinta ne don Ingilishi cike yake da kalmomin Faransanci. Dalili na tarihi: a 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, aka yi ƙarnuka fada da kotu suna magana da Faransanci. Shi ya sa "nation", "important", "question", "government" ba za su tsaya mata ba. In ta ga doguwar kalma ta gwada ta da Faransanci, sau da yawa za ta dace. Amma akwai masu kama da juna da ba ƴan uwa ba. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin saida littattafai ba. "Actually" a gaskiya, ba yanzu ba. "Attend" halarta, ba jira ba. Mafi mugunta "pass an exam": a Faransanci in an ce "passer" zama kawai aka yi, a Ingilishi an ci ke nan. Masu tsara jarrabawa sun san waɗannan, suna kuma son su.

Sannan "his" da "her". A Faransanci "son" da "sa" suna bin abin da aka mallaka, shi ya sa yaro ke rubuta "her mother" don uwa mace ce, alhali uwar yaro namiji ake nufi. Ingilishi mai abu yake bi, kamar Hausa: uwarsa "his mother", uwarta "her mother", babansa "his father", babanta "her father". Ta yi tunanin da Hausa, ba za ta taɓa kuskure ba. Haka sifa, a Ingilishi gaban suna take zuwa kamar yadda muke cewa farar riga, sabon babur, kuma ba ta ɗaukar jam'i: "new motorbikes", babu "s" kan "new".

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi cin ɗaliban lise. Faransanci na cewa "j'ai mangé hier", sai yaro ya juya shi kalma-kalma, "I have eaten yesterday". Ba a faɗin haka. Muddin an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, "I ate yesterday" ne. "Have eaten" na zuwa da "already", "just", "yet", "since", "for". Shekaru ma haka, "I am fifteen", ba "I have fifteen years" ba, duk da mu ma "ina da shekara goma sha biyar" muke cewa.

Kuma Baba kada ka ɗauka wahalar BEPC ce kaɗai. Kundin tafiyar da ƙasar Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko ba don wannan ba, mu da Katsina ke kusa da mu fiye da Yamai nesa ba kusa ba, ai ba sai an faɗa mana ba.

Mai Kayan Babur, Sabon Gari, Maraɗi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, ban ji haushi ba, gaskiya ce, brokan ne ya fi yawa a wayata. Jiya mun gwada na "ya gyara, yana gyara" da Mushe ya kawo. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ashe abin da ake nufi ke nan?" Har uwarta ta aje tsintsiya ta zo ta saurara. Mai koyarwan kuma na gaya masa sharaɗin tsofaffin takardu, ya ce zai nemo, muna jira mu gani.

Mushe, akwai saura biyu a wata takardar. "Find in the text the opposite of 'cheap'", da kuma "Turn into the passive". Na biyun nan ta ce duk ajinsu ba wanda ke son ganinsa.

Mushen Ingilishi:

Madalla Alhaji. Na farko mai sauƙi ne. "Opposite" ko "antonym" kishiya, "synonym" mai ma'ana ɗaya. "Cheap" arha, to ta nemo tsada, "expensive". Amma ta kula da "in the text": daga cikin labarin za ta tsamo kalmar, ba daga kanta ba, kuma in sifa aka ba ta, sifa za ta kawo.

Hajiya, na karɓi gyaranki kan yawan karatu, sai dai sashen nahawu yana da makinsa daban a takardar, kuma wata nawa suka rage? Dole a haɗa biyun.

"Passive" kuwa ba dodo ba ne, "an" ɗinmu ne. Makanike ya gyara babur, wannan mai aiki ne a gaba: "The mechanic repaired the motorbike". An gyara babur, babur ya dawo gaba: "The motorbike was repaired". Bambancin, mu in muka ce "an" ba mu faɗin wanda ya yi, su kuwa suna iya ƙara shi a ƙarshe da "by": "by the mechanic". Taki uku ne. Ta ɗauko wanda aikin ya faɗa wa ta sa shi farko. Ta sa "is" ko "are" in aikin na kullum ne, "was" ko "were" in ya wuce, "will be" in bai zo ba. Sannan aikatau a siffarsa ta uku. Ga masu bin doka, "ed" ce dai. Ga kangararru, nan ne haddar ke biya: "take, took, taken", "write, wrote, written", "sell, sold, sold". Shi ya sa idan tana haddar ta riƙa ɗaukar ukun tare, kada ta tsaya a biyu. Inda suka fi faɗuwa shi ne tilo da jam'i: in babura ne, "were repaired", ba "was" ba, ko da makaniken guda ɗaya ne.

Ka turo hoton takardar, ka rufe sunanta da na makarantar, in ga jimlolin da aka ba su. Zan rubuta mata biyar irinsu ta yi kafin Juma'a.